Danna Kawai, Kawu

Laraba, bayan azahar

Har yanzu babu labarin Kawu Alhassan. Jiya da yamma aka jawo motarsa daga hanyar Shinkafi zuwa tashar Kaura. Gilashi lafiya, tayoyi lafiya, har goron da ya ɓara yana nan gaban sitiyari. Shi ne dai babu, shi da fasinjoji biyu.

Inna ta tafi gidansa tun safe don ta zauna da matarsa, Anti Rekiya. Kawu ƙanen Inna ne ciki ɗaya, ita ta goye shi. Ta ce in zo mu je, na ce kaina ke ciwo. Ba ƙarya na yi ba, yana ciwon.

Na je ofishin direbobi na kashe shafin. Ban yi shawara da kowa ba.

Laraba, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko zuciyata ta daina zagaye wuri ɗaya.

Bara ne, da hanya ta lalace, Kawu ya ja ni har gaban Malam Mahmud, sakataren direbobin da ke bin Kaura, Shinkafi da Zurmi. Ya ce masa, "Ga ɗiyata Surayya, ta ƙare boko, kwamfuta tak karanta. Injiniya ta." Tun daga ranar nan, sunana ya ɓace a bakinsa, sai Injiniya. Na haɗa musu ɗan shafin intanet a kan tsohuwar kwamfutar ofis. Duk direban da ya wuce wata hanya sai ya rubuta "lafiya" ko "a dakata", na baya ya duba a wayarsa kafin ya tashi. Iyakarsa ke nan, kuma ya yi aiki. Na yi ta cika baki da shi, ba zan ɓoye ba.

Abin da ke tafiya tsakanin waya da shafin a kulle yake tafiya, ko an tare shi a hanya ba a iya karantawa. Amma kulle kaɗai bai isa ba, sai waya ta tabbatar da wa take magana. Shi ya sa kowane shafi ke da satifiket, takardar shaidarsa. Manyan shafuka, kamfanonin da wayoyi suka riga suka sani ne ke sa musu hannu. Ni kuwa ban so namu ya yi suna da rajista kowane ɗan leƙen asiri ya gano shi. Sai na ƙirƙiri mabuɗin sirri, na haɗa satifiket, na sa masa hannu da kaina.

Da na yi wa Malam Mahmud bayani sai ya ce, "Wato mutum shi tsaya ma kainai shaida? Nan tasha ko kwandasta ba mu ɗauka sai wani ya tsaya mai." Na yi dariya na ce harkar kwamfuta daban ce.

Waya ba ta san sa hannuna ba, don haka in an buɗe shafin sai ta fito da jan gargaɗi, ta ce ba ta yarda da wurin nan ba. Maganinsa sananne ne: ka karɓi wayar mutum hannu da hannu, ka saka mata satifiket ɗin, ta san shi. Daga nan jan ba ya ƙara fitowa. In kuwa ya fito, to ba da shafinka take magana ba.

Na yi wa na farko-farko haka. Wayar Kawu ce ta farko duka.

Sai na gaji. Direbobi sun yi yawa, na Zurmi da na Shinkafi ba sa zama, wannan wayarsa ta tsage, wancan ya manta lambar buɗe tasa. Na yi saƙon murya guda na tura wa kowa.

An kira magariba. Ya isa haka.

Alhamis, da hantsi

Lallen hannuna ya kama sosai. Kowa ya gani sai ya yaba. Ji nake kamar in kankare shi da dutse.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na je gidan Kawu, don babu sauran uzuri. Tsakar gida cike da mata, zaure cike da maza suna magana ƙasa-ƙasa, da mace ta gifta sai su yi shiru. An ce waɗanda suka ɗauke shi sun kira waya, an ji muryarsa. Abin da aka ce a wayar ba a gaya mana ba.

Anti Rekiya ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce, "Na ce mai kak shi tahi, Surayya. Tun dare jikina bai ba ni ba. Da yaj je tasha sai yak kira ni, yac ce in kwantar da hankalina, shafin Injiniya ya ce lahiya lau. Yac ce in aje mai tuwo, kahin magariba shina gida."

Ba zargi a muryarta ko kaɗan. Da ma ta zage ni.

A ƙofar gida na haɗu da Malam Mahmud. Ya ja ni gefe ya ce, "Injiniya, abu guda ya ɗaure man kai. Ni da hannuna nar rubuta a dakata, tun da asuba, wani direban Jangeru yak kira ni yaf faɗa man. Waɗanda sunka duba daga gida duk sun gani, sun zauna. To mi Alhassan yag gani?"

Na ce zan bincika. Na faɗe shi da muryar injiniyoyi, har da gyaɗa kai.

Asabar, da safe

Akwai wani shagon cajin waya bakin tasha da aka buɗe farkon damina. Yana ba da waifai kyauta, direbobi na shan shayi a gefensa suna saƙale da shi don su huta da sayen data. Kawu ma can yake karin kumallo. Yau na bi ta wurin, shagon a garƙame, mai shayi ya ce tun Litinin da rana ba a sake ganin mai shi ba.

Ba ni da hujja. Wataƙila mutumin garinsu ya tafi. Amma na san wanda ke riƙe da waifai zai iya tsayawa tsakanin waya da shafi, ya nuna nasa mai kama da namu, ya rubuta abin da ya ga dama. Abu ɗaya ne ba zai iya ba, ba shi da mabuɗina. Dole wayar da ta san satifiket ɗina ta yi kuka.

Kuma ta yi. Wayar ba ta da laifi.

Lahadi, bayan azahar

Ban ci komai ba. Inna ta ce zumunci ne ya kama ni, ta sa mini albarka.

Talata, da la'asar

Safiya mai lalle ta zo yi wa Inna jaje. Yarinyar nan bakinta ba shi da birki. Ta zauna ta sha ruwa, ta kama hannuna tana duba aikinta, sai ta ce, "Allah sarki. Ashe ranar da nika yi maki wanga ne. Har muryatai mun ji a waya, shina ta raha."

Inna ta juyo. "Ya kira ki ranar?"

Na ce, "Gaisuwa ce, Inna."

Safiya ta buɗe baki, na zuba mata ido, ta mayar da shi ta rufe. Ban san me ta fahimta ba. Wataƙila ba komai. Da za ta tafi na raka ta har bakin titi, abin da ban taɓa yi ba, ina ta yi mata hirar bikin ƙawarmu kamar mahaukaciya. Na tsani kaina a hanyar dawowa.

Laraba, da hantsi

Malam Mahmud ya aiko har sau biyu, na uku ya zo da kansa. Ya tsaya a zaure ya ce, "Kin kashe muna shafi, yara na hita kamar makahi. Jiya saura kaɗan a tare wasu a Zurmi. In ya ɓaci ki gyara, amma kashewa ba gyara ba ne."

Na fusata, na ce shafina ne, in na ga dama in jefa kwamfutar a rijiya. Ya dube ni kawai, irin duban da ake yi wa yaron da ke birgima a kasuwa, ya ce yana jirana a ofis. Na fi ƙarfin awa ina huci a ɗaki, sannan na ɗauki mayafi.

Alhamis, bayan azahar

Na yi sabon mabuɗi, na yi sabon satifiket. Kwamfuta ta yi ta tambayata kamar kullum: wace ƙasa, wace jiha, wane gari, sunan wa za a sa. Na cike, na sa hannu. Aikin bai kai dahuwar shayi ba. Wannan ne ke ba ni haushi, yin sa ba wuya, raba shi ne aikin, kuma shi na guje wa.

Na gaya wa Malam Mahmud sharaɗina. Babu wanda zai shiga shafin sai na riƙe wayarsa da hannuna na saka mata satifiket. Babu waifai ɗin kowa. Wanda ya ga ja, ya tsaya, ya kira ofis, ko da fasinja sun cika mota suna zaginsa.

Ya ce, "To ai da haka anka yi tun hwarko."

Na ce eh.

Asabar, da rana tsaka

Na wuni a tasha a kan benci, direbobi sun yi layi. Ana cikin haka wani ya kunna tsohon saƙona don ya tsokane ni. Muryata ta cika rumfar, tana wani yauƙi: "In kun ga ja kar ku ji tsoro, ba komai ba ne, ni ce. Ku danna ci gaba kawai." Har da 'yar dariya a ƙarshe. Suka kwashe da dariya su ma. Ashe ya zama abin wasansu, in ana tura mota ko ana cusa buhu a but ɗin mota sai wani ya ce danna kawai.

Na ce ya goge shi yanzu-yanzu ko in fasa wayar da ƙasa. Ya goge. Amma saƙon yana wayoyi nawa, daga nan har bakin iyaka?

Litinin, bayan la'asar

Zurmi. Na tafi da motar farko na dawo da ta azahar. Inna ta yi faɗa, ta ce ɗaya bai ishe mu ba sai na ƙara mata na biyu. Na ce aiki ne. Ƙafafuna sun kumbura.

Talata, da safe

Jan lallen tafin hannu ya fara kwashewa. Na farce yana nan, sai dai fari ya fara fitowa daga ƙasa.

Alhamis, bayan magariba

Shinkafi. Dole aka bi ta wurin da aka tare su Kawu. Ban tambaya ba, amma na gane, don direba ya kashe rediyo, wata tsohuwa a bayana ta fara salati a hankali. Ba komai a wurin. Kwalta ce da ramuka, sai gero hagu da dama, ya fi mutum tsawo. Na yi ta neman wata alama, ban san ta me ba.

A tashar Shinkafi wani dattijon direba, Audu, mutumin Katuru, ya miƙo mini wayarsa ɗaure da roba ya ce, "Bara kin ce a danna. Bana kin ce kak a danna. Baɗi hwa, ɗiyata?"

Wasa yake yi. Na san wasa yake yi. Amma na ce masa in ba ya so ya karɓi abarsa, da wata murya da ban taɓa yi wa sa'an ubana ba. Sai ya ce, "Alhassan abokina na. Tare munka koyi tuƙi." Na ba shi haƙuri, na saka masa, har na yi kuskure sau biyu. Ya saya mini fura da nono ya tsaya sai da na sha.

Juma'a, da hantsi

Wayar da Kawu ya yi mini ranar lalle gajeriya ce. Ko gaisawa ba mu gama ba.

Juma'a, bayan la'asar

To. Ba mai karanta wannan sai ni.

Ranar nan hannuwana biyu suna cikin ledar lalle, Safiya ta ɗaure su, an ce kar in motsa. Waya ta yi ƙara, Safiya ta danna ta buɗe murya. Kawu ne. Ya ce, "Injiniya, kin tashi lahiya? Wanga jan abu ya hito man yau. Ba kin ce tawa ba ta ƙara yi ba?"

Ya tuna. Mutumin da ko sunan waya bai iya karantawa da kyau ba, ya tuna abin da na gaya masa bara, ya tsaya, ya kira ni. Duk abin da ya kamata ya yi, ya yi.

Ƙuda na kan hancina, ba hannun kora, zafi ya ishe ni, ga Safiya na ce mini kar ki motsa. Wani abu ya ɗan taɓa ni a zuciya, ba zan ce bai taɓa ba. Na ce a raina kwanan watan wayarsa ne ya rikice, na duba masa da yamma.

Abin da na ce masa kalma uku ne: danna kawai, Kawu. Ya ce, "To, yadda kinka ce." Ya yi dariya ya kashe.

Asabar, da safe

Ban ji sauƙi ba don na rubuta. An ce ana ji. Ƙarya ce.

Lahadi, bayan azahar

Na yi niyyar gaya wa Inna. Tana tsince wake, na zauna kusa da ita na ce, "Inna, shafin nan nawa." Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce, "Ke dai kin yi iya ƙoƙarinki. Mahmud ya ce har Shinkahi kinka tai. In Alhassan yad dawo yaj ji, sai ya hi kowa murna, kin san yadda shika alfahari da ke." Sai ta share ido da bakin zane ta miƙo mini tire.

Na tsince waken tas.

Talata, da la'asar

Maza sun fita da safe su uku, ba a ce ina ba. An ce mata su yi ta addu'a. Anti Rekiya ta share ɗakinsa ta sake sharewa.

Yau wani direban Zurmi ya kira ofis, ya ce ya ga ja, ya ajiye mota. Na duba, kwanan watan wayarsa ne ya koma baya bayan ya cire batir. Fasinja sun zazzage shi a banza. Na ce masa ya yi daidai, gobe ma in ya gani ya sake yin haka. Da na ajiye wayar sai na kifa kai a kan tebur. Malam Mahmud ya tashi ya ba ni wuri.

Alhamis, da azahar

Ya dawo. Shi da fasinjojin nan biyu, su ukun duka. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Juma'a, da yamma

Na gan shi daga nesa, cikin mutane. Ya rame, gemu ya yi fari fat, tafiya a hankali kamar mai taka ƙaya. Ba ya maganar can, ba kuma mai tambayarsa. Ya hango ni ya ɗaga hannu ya ce, "Injiniya!" Na durƙusa daga inda nake na gaishe shi, na ce zan dawo in mutane sun ragu.

Mutane sun ragu tun ɗazu.

Litinin, bayan la'asar

Shi ya aiko a kira ni. Na same shi a tabarma ƙarƙashin darbejiya, Anti Rekiya na dama masa kunu. Na yi ta jiran ya ɗauko maganar. Na shirya, na ce ko me ya faɗa zan karɓa, ko korata ya yi. Sai ya hau tsokanata, wai an ce na zama 'yar tasha, saura in fara kiran fasinja. Ya ce Audu ya kira shi ya ce ɗiyarka akwai zafin kai, shi kuwa ya ce masa gadon gida ne.

Can ya ciro sabuwar waya daga aljihu, ƙaninsa ya saya masa, don waccan ta tafi. Ya ce, "Ba yanzu zan koma hanya ba, amma ina son in dinga ganin yadda yara ka ciki. Sa man shafin."

Na rubuta masa adireshin. Kafin in ciro laftof daga jaka in saka mata satifiket, ya riga ya karɓi wayar ya buɗe. Sabuwa ce, ba ta san ni ba. Jan ya cika fuskarta.

Ya ce, "Bari, na iya wanga. Ke kinka koya man." Ya miƙa yatsa.

Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba. Wuyan hannun ya zama kamar na yaro, ga tabon igiya ya zagaye shi, ga faratana a kai da ɗan guntun ja a bakinsu. Anti Rekiya ta tsaya da ludayi a hannu. Bakina ya cika da magana, duk wadda na tanada, amma abin da ya fito shi ne, "Kar ka danna, Kawu."

Ya dube ni, ya dubi wayar, ya yi murmushi. "To, yadda kinka ce, Injiniya."

Ya janye yatsansa nan take, bai ko tambayi dalili ba. Haka ya yi wancan karon ma.